Sidni: Birnin Da Ruwa Ya Raba, Jirgin Fito Ya Haɗa

Duk wanda ya je birnin Sidni na ƙasar Ostareliya ya komo bai shiga jirgin fito ba, to, gine-gine da tituna ya gani, garin kansa bai gan shi ba tukuna. Dalili kuwa shi ne, wani babban mashigin teku ne ya ratsa tsakiyar birnin, ya yi rassa da lunguna kamar yatsun hannu, sa'an nan unguwanni suka bi gaɓarsa suka zauna, kowace ta juya wa titi baya ta fuskanci ruwa. Na cikin mota ƙeyar gidaje yake kallo, na cikin jirgi shi ke ganin fuskokinsu.

Sidni ita ce hedkwatar jihar New South Wales, mutanenta sun haura miliyan 5. Da yawa suna zaton ita ce babban birnin ƙasar, alhali kuwa ba haka ba ne. Sa'ad da yankunan Ostareliya suka haɗu suka zama tarayya a 1901, Sidni da Melbon kowace ta ce ita ta cancanta, da aka rasa mai sakar wa wani sai aka yanki fili a tsakaninsu aka gina Kanbera.

Daga Nijeriya babu jirgin sama mai zuwa kai tsaye, sai an ya da zango a Dubai, ko Doha, ko Johannesburg, tafiyar kuwa ba ta kasa awa 18 a sama, ban da zaman jira. Agogon Sidni yana gaban na Nijeriya da awa 9, daga Oktoba zuwa farkon Afrilu kuwa awa 10. Yanayin shekara ma a juye yake: Disamba da Janairu su ne tsakiyar zafi, Yuni da Yuli su ne sanyi. Wanda ya taso da guzurin kilishi, ko goro, ko daddawa, ko ƙullin maganin gargajiya, lalle ya rubuta su a takardar da ake rabawa cikin jirgi kafin sauka. Ostareliya ba ta wasa da abin da zai kawo wa dabbobinta da gonakinta cuta, har karnuka ake sawa su sansana akwatuna. Wanda ya faɗi gaskiya, iyakarta a karɓe abin da aka hana a zubar. Wanda ya ɓoye aka gano, tara ce mai nauyi, wani lokaci ma a soke masa biza.

Filin jirgin sama bai wuce kilomita 8 daga tsakiyar gari ba, jirgin ƙasa yana kai mutum babbar tasha, watau Central, cikin minti 15. Amma akwai kuɗin ƙofa fiye da dala 15 ta Ostareliya da ake ɗorawa a kan kuɗin jirgi a tashoshin filin, sabo da haka in mutane uku ne ko huɗu da kaya, tasi ba za ta fi tsada sosai ba. A cikin gari kuwa babu kwandasta mai karɓar kuɗi. Kati ɗaya ne, sunansa Opal, da shi ake shiga jirgin ƙasa, da safa, da jirgin titi, da jirgin fito. A taɓa shi a jikin na'ura in za a shiga, a sake taɓawa in za a fita. Wanda ya manta da ta fita, kuɗin zango mafi nisa za a cire masa. Tun 2019 katin banki ma yana yin wannan aiki. Akwai kuma iyakar abin da za a cire a yini ɗaya, komi yawon mutum: a 2024 dala 18.70 ce daga Litinin zuwa Alhamis, rabin haka daga Jumma'a zuwa Lahadi. Mai dabara sai ya tara doguwar tafiyarsa ta ruwa a ƙarshen mako. Motoci hannun hagu suke bi, irin yadda Nijeriya take yi kafin ran 2 ga Afrilu 1972, don haka sai baƙo ya koya wa wuyansa duban dama kafin ya sa ƙafa a titi.

Inda Aka Fara

Tasha uku daga Central akwai wurin da aka rubuta Circular Quay a alluna, mutanen gari kuwa Sakula Ki suke faɗi. Dandamalin tashar a sama yake, da an buɗe ƙofar tarago sai ga babbar gada a hagu, ga Gidan Opera a dama, ga jiragen fito masu kore da rawaya a ƙasa suna shiga suna fita.

A wannan lungu ne birnin ya fara. Kyaftin James Cook ya gifta bakin mashigin a 1770, ya sa masa suna Port Jackson, ya wuce bai shiga ba. Da Ingila ta rasa ƙasashenta na Amurka inda take jibge fursunoni, sai ta aiko Arthur Phillip da jirage 11 ɗauke da fursunoni fiye da 700. Sun fara sauka a Botany Bay, inda filin jirgin sama yake yanzu, suka tarar babu isasshen ruwan sha, suka matso nan inda wata 'yar ƙorama take gangarowa, ran 26 ga Janairu 1788. Ƙoramar tana nan har yau, amma ƙarƙashin tituna take gudu.

Wurin kuwa da masu shi. Mutanen Gadigal, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar, Warrane suke kiransa, matansu suna kamun kifi a ruwan nan cikin kwale-kwalen ɓawon itace, da 'yar wuta a tsakiya don gashi. Shekara guda da zuwan Turawa cutar agana ta ɓarke, ana ƙiyasta ta kashe kimanin rabin mutanen yankin. Shi ya sa ranar 26 ga Janairu, wadda gwamnati ke biki a cikinta, jikokinsu ranar makoki suka ɗauke ta, suna kuma fita zanga-zanga kowace shekara. Sai a 2022 aka kafa tutarsu mai baƙi da ja da rawaya a ƙololuwar gada, ta zauna dindindin kusa da ta ƙasa.

Jirgin da ya kamata baƙo ya fara shiga shi ne na Manly. Tafiyar kilomita 11 ce, tsakanin minti 20 da 30 gwargwadon jirgin da aka samu, kuɗinta kuwa bai kai rabin na jiragen da ke zagayawa da 'yan yawon buɗe ido a kan ruwan nan ɗaya ba. A nemi benci a waje. Da jirgi ya ja baya ya juya, zai kewaye Gidan Opera ta dama, kusa ƙwarai, a hagu kuma ga Kirribilli inda Firayim Minista yake sauka in ya zo Sidni. Can gaba kaɗan ga wani ɗan tsibiri da hasumiyar dutse, Fort Denison. A farkon zamani nan ake kai fursunan da ya yi taurin kai a bar shi da burodi da ruwa. A 1857 aka gama mayar da shi ganuwa don tsoron jiragen yaƙin Rasha, waɗanda ba su taɓa zuwa ba. Waɗanda suka zo su ne na Japan. A daren 31 ga Mayu 1942 ƙananan jirage uku masu tafiya ƙarƙashin ruwa suka shigo, ɗaya ya harbi wani jirgin yaƙin Amurka ya kuskure, makamin ya nutsar da Kuttabul, tsohon jirgin fito da sojojin ruwa ke kwana a ciki, mutum 21 suka mutu.

Daga nan ruwa ya buɗe. A hagu ga tudun Taronga, gidan dabbobin da aka buɗe a 1916, inda raƙumin dawa yake tsaye da dukan birnin a bayansa. Shi ma jirginsa daban yake da shi, minti 12 daga Sakula Ki. A dama ga Point Piper da Vaucluse, unguwannin attajirai, gidaje sun hau kan juna a jikin dutse kowane yana leƙen ruwa, don a Sidni tagar da ke kallon ruwa ita ce ke yanke wa gida farashi. Sa'an nan a iso bakin mashigin, inda manyan duwatsu biyu suka tsaya suna fuskantar juna, tekun Pasifik yana turo igiyarsa ta tsakaninsu. Na 'yan mintoci jirgi zai yi ta tangaɗi, baƙo ya riƙe ƙarfe, ma'aikacin ofis da ke kusa da shi kuwa ko ɗaga kai daga wayarsa ba zai yi ba. A gindin dutsen kudu ne jirgin Dunbar ya farfashe cikin duhu da hadari a 1857, mutum 121 suka halaka, ɗaya tak ya tsira. A jikin na arewa kuma akwai gidajen da ake tsare fasinjojin jiragen da suka zo da cuta, ba a daina amfani da su ba sai 1984.

Phillip ne ya raɗa wa Manly suna, don jarumtakar da ya gani a jikin mazajen wurin. A 1790 kuwa a nan ɗayansu ya soke shi da mashi a kafaɗa, ya warke, bai kuma sa an rama ba. Daga tashar jirgi tafiyar minti biyar ce a ƙafa, tsakanin kantuna da masu soya kifi da dankali, sai ga rairayin bakin teku.

Gada Da Gidan Opera

Kafin 1932 mazaunin arewacin ruwa ba shi da hanyar zuwa aiki sai jirgin fito, ko kuwa doguwar hanyar zagaye. Kamfanin jiragen yana ɗaukar fasinja kimanin miliyan 40 a shekara. Da aka buɗe gada suka faɗo zuwa kimanin miliyan 15. Injiniya John Bradfield ne ya tsaya a kan aikin, kamfanin Dorman Long na Ingila ya gina. Bakan ƙarfen faɗinsa mita 503, ƙololuwarsa mita 134 daga ruwa, an haɗa shi da ƙusoshi kusan miliyan 6, ma'aikata 16 suka rasa rayukansu. Ranar buɗewa, 19 ga Maris 1932, Firimiyan jiha Jack Lang yana shirin yanke kirtani sai ga wani tsohon soja, Francis de Groot, bisa doki, ya zare takobi ya riga shi, wai wakilin Sarkin Ingila ne ya kamata ya buɗe. Aka sauke shi daga doki, aka ƙulla kirtanin, Lang ya yanke, daga baya aka ci de Groot tarar fam biyar. Bashin gadar ba a gama biyansa ba sai 1988.

Tun 1998 akwai kamfanin da ke hawa da mutane har ƙololuwar bakan, ɗaure da igiya, kuɗin ya kai ɗaruruwan daloli, ba a kuma barin mutum ya hau da kyamararsa. Mai hali ya hau. Amma hanyar masu ƙafa da ke gefen gabas kyauta ce, daga matakalar unguwar Rocks zuwa Milsons Point ba ta fi minti 25 ba, abin da ake gani daga can kuwa bai rage da yawa ba. A tsallaka da ƙafa, a komo da jirgin fito ta ƙarƙashinta.

Gidan Opera, watau gidan waƙe-waƙe da wasannin kwaikwayo, yana kan wani tsinin ƙasa mai sunan Bennelong, mutumin asalin ƙasar da Phillip ya sa aka kama a 1789 don ya zama tafinta, har ya tafi da shi Ingila a 1792. Gwamnati ta sa gasar zane, aka aiko da guda 233, wani ɗan ƙasar Denmak mai shekara 38, Jørn Utzon, ya ci a 1957. An fara gini a 1959 tun ba a gano yadda za a yi rufin ba. An ce shekara 4 da dala miliyan 7. Ya ci shekara 14 da dala miliyan 102, mafi yawansu daga cacar tikiti ta gwamnati. Utzon ya saɓa da Ministan Ayyuka, Davis Hughes, a kan kuɗi, ya bar ƙasar a 1966. Sarauniya Elizabeth ta buɗe gidan ran 20 ga Oktoba 1973, shi kuwa har ya mutu a 2008 bai komo ya gan shi da idonsa ba. Daga nesa rufin kamar filafilan jirgin ruwa farare; a matso kusa sai a ga tayil ne fiye da miliyan ɗaya, fari da ruwan madara, an jera su kamar saƙar tabarma. Shiga kallo sai da tikiti, amma hawa matakala da kewaya ginin ba a biyan ko kwabo. A kan matakalar nan Nelson Mandela ya yi wa taro jawabi a watan Oktoba 1990, wata takwas bayan fitowarsa daga kurkuku.

Daga bayan ginin hanya ta bi gaɓa ta cikin lambun itatuwa na gwamnati, wanda aka kafa a 1816, har zuwa wani dutse da fursunoni suka sassaƙa wa matar Gwamna Macquarie kujera. Hoton nan da kowa ya sani, mai gada da Gidan Opera tare, daga nan ake ɗaukarsa. Kudu da lambun akwai barikin fursunoni na Hyde Park na 1819. Mai zanensa, Francis Greenway, shi kansa fursuna ne da aka koro daga Ingila sabo da jabun takarda, a 1966 kuma hotonsa aka buga a takardar dala 10. Unguwar Rocks da ke gindin gada, mai ƙananan gidajen dutse da lunguna, saura kaɗan a share ta a farkon shekarun 1970 a dasa dogayen ofisoshi. Ƙungiyar leburorin gini ƙarƙashin Jack Mundey ce ta ce 'ya'yanta ba za su ɗaga guduma ba, har aka kama shi a can a 1973, gwamnati ta sake shawara.

Ba kowane abu aka ceta ba. Sidni tana da jiragen titi masu yawan gaske, aka tumɓuke su kaf a 1961 don a ba motoci fili. Sai ga shi a 2019 an kashe kimanin dala miliyan dubu 3 an mayar da layi ɗaya a titin George da unguwannin kudu maso gabas. A watan Agusta 2024 kuma aka buɗe hanyar jirgin da ba shi da direba, wanda ke bi ta ƙarƙashin ruwan.

Jirgin ƙasa ba ya kai wa bakin tekun Bondi, wanda ake faɗi Bondai. A sauka a Bondi Junction a shiga safa mai lamba 333. A nan akwai maganar da ta fi kallo muhimmanci. Ruwan yana da wata igiya mai ja zuwa cikin teku, sau da yawa ma a wurin da ya fi kwanciya a ido take, baƙi kuwa su ne ta fi kamawa. Masu ceto suna kafa tutoci biyu masu ja da rawaya. Tsakaninsu kaɗai ake wanka. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta a kai ya ɗaga hannu ɗaya. Ran 6 ga Fabrairu 1938 manyan igiyoyi suka kwashe ɗaruruwan mutane a nan, aka ceto kimanin 250, biyar suka nutse. Wanda bai iya ruwa ba, akwai hanyar ƙafa ta kilomita 6 bisa duwatsu zuwa Coogee, ta ishe shi.

Yamma, Inda Jama'a Take

Mafi yawan mutanen Sidni ba sa hango gada daga tagarsu. Yamma suke zaune, inda haya ta fi sauƙi zafi kuma ya fi tsanani, motocin 'yan yawon buɗe ido kuwa ba su cika zuwa can ba. Jirgin fito yana zuwa. Wanda ke hawa kogin Parramatta yana bi ta ƙarƙashin gada, ya tsaya a tsibirin Cockatoo, tsohon kurkuku kuma tsohuwar maƙerar jiragen ruwa, sa'an nan ya wuce filin wasannin Olamfik na 2000. A wannan fili ne 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 na Nijeriya suka zo na biyu. Da aka karɓe lambar Amurka sabo da shan ƙwayoyi, sai a 2012 aka tabbatar musu da ta zinariya, Sunday Bada kuwa ya riga ya rasu a watan Disamba 2011. Daga nan kogi ya tsuke, itatuwan fadama suka rufe gaɓa, har a iso Parramatta bayan fiye da awa guda. In ruwan teku ya janye jirgi ba ya iya ƙarasawa, sai a sauke fasinja a Rydalmere a ƙarasa da safa.

Phillip ya kafa Parramatta a 1788 don ƙasar bakin teku ta ƙi noma, yunwa ta kusa gamawa da su. Yau birni ce mai zaman kanta. Daga 1901 zuwa 1973 dokokin Ostareliya sun tsaya a kan hana wanda ba farar fata ba zama a ƙasar. Yanzu kusan mutum huɗu cikin kowane goma na Sidni a wata ƙasa aka haife su. Indiyawa sun cika Harris Park, mutanen Biyetnam suna Cabramatta, na Sudan suna Blacktown, Larabawan Lebanon suna Lakemba, inda suka gina masallacinsu a shekarun 1970. Da azumi akan rufe titin Haldon na Lakemba da dare, a kafa rumfunan abinci, har da gasasshen naman raƙumi, dubun dubatar mutane Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba su yi ta ci.

Komowa ta jirgin ƙasa ta fi sauri, kimanin rabin awa zuwa Central. Taragon hawa biyu ne, yawancin kujerun kuma ana tura mazaunin bayansu su juya, kowa ya fuskanci inda aka dosa. A Auburn, dab da layin dogo, za a ga ƙubba da hasumiyoyi biyu irin na Istambul: masallacin Gallipoli ke nan na Turkawa, wanda aka buɗe a 1999, kewaye da kantunan nama na halal da gidajen abincin Turkawa da na Afganawa. Musulmin Nijeriya da ya sauka don salla, ya dubi sahu kafin ya kabbarta. Sidni tana can gabashin Makka, sabo da haka alƙiblarta yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa.